Fashin makaranta a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji: dalilansa da hanyoyin rage shi

Rubuta sunan yaro a makaranta daban, zuwansa aji kowace safiya daban. Tun da aka soma shirin ƙasa na shekara goma domin bunƙasa ilimi a shekarar 2003, an buɗe makarantun firamare masu yawa a ƙauyukan Nijar, an ɗauki dubban malaman kwantaragi, kuma yawan yaran da ake rubutawa ya ƙaru ƙwarai. Amma sau da yawa sunaye sun cika littafin malami, a cikin aji kuwa akwai gurabe. Wannan bayani ya shafi gundumomi uku na jihar Maraɗi: Agye, Gazawa da Gidan Rumji. Yana nuna cewa yawancin fashi yana da lokacinsa da dalilinsa. Abin da aka san lokacin zuwansa kuwa ana iya yi masa shiri.

Mece ce illar fashi?

Makarantar firamare a Nijar shekara shida ce, daga ajin CI zuwa ajin CM2. Ana buɗe ta a watan Oktoba, a rufe a watan Yuni. Idan an cire hutu, kwanakin karatu ba su da yawa, kuma kowane darasi yana hawa ne bisa wanda ya gabace shi.

Ku da kuke ajin yaƙi da jahilci kun san wannan da kanku. Wanda bai zo ba ranar da aka koyar da wani harafi, yakan yi tuntuɓe da shi duk inda ya gamu da shi. Ga yaro abin ya fi tsanani, domin a yawancin makarantu da Faransanci ake karatu, harshen da ba ya ji a gida ko a kasuwa. Ranar da bai je aji ba, bai ji shi ba ko kaɗan.

Ga wani lissafi. A ce makonnin karatu 30 ne a shekara. Yarinyar da take fashi rana ɗaya kowane mako domin talla a kasuwa ta rasa kwana 30. Idan ana karatu kwana biyar a mako, ta rasa mako shida ke nan. Uwayenta suna ganin kullum tana makaranta, alhali kashi ɗaya cikin biyar na shekararta ya tafi. Daga nan sai ta kasa bin darasi, ta ji kunya a gaban ƴan ajinsu, ta maimaita aji, a ƙarshe ta bari.

Yaushe fashi ke yawaita?

*Da kaka.* Buɗe makaranta yana haɗuwa da girbin gero, roron wake da cirar gyaɗa. A wajajen Agye, Caduwa da Gazawa akwai kuma tonon aya, wanda yake cin hannuwa da yawa, yana kuma daɗewa. Ban da haka, makarantar da ajujuwanta na zana ne tana jiran a gama girbi kafin a sami karan da za a yi rumfa. Ta haka wasu yara ba su fara karatu sosai sai makonni sun wuce. A wannan lokaci ne kuma zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da yara.

*Ranar kasuwa.* Ƴammata suna ɗaukar tallar ƙosai, ƙuli-ƙuli, fura ko tafasa, samari kuma suna bin kura ko suna kora dabbobi. Ribar tallar ta uwa ce, da ita take cefane, da ita take tara kayan ɗaki. Wanda yake son rage wannan fashi, dole ya yi magana da uwa.

*Da rani.* Magidanta da samari suna tafiya ci-rani, yawanci zuwa Maraɗi ko Najeriya. Aikin da suka bari, kamar ban-ruwan dabbobi da neman itace, yana komawa kan yara. Wasu kuma ana tura su almajiranci a tsakiyar shekara.

*Da bazara.* Rumbu ya yi ƙasa, rijiya ta yi nisa, zafi ya tsananta. Yaron da ya fito bai karya ba yakan koma gida da rana, ba ya dawowa. A shekarar 2005, lokacin da ƙarancin abinci ya yi tsanani a jihar Maraɗi, iyalai da yawa sun bar garuruwansu domin neman abinci tare da ƴaƴansu. Da ruwan farko ya sauka kuma, a watan Mayu ko Yuni, sai a kwashi yara zuwa shuka ana dab da jarrabawar ƙarshen shekara.

Wasu dalilai

- Rashin zuwan malami. Malami yakan tafi gari karɓar albashi, ko ya rasa masauki a ƙauye, ko a shiga yajin aiki. Yaron da ya zo sau uku bai tarar da malami ba, uwayensa sukan tura shi gona.
- Duka da tsoro, ko rashin alli, allo da littafin rubutu.
- Rashin ruwan sha da makewayi, musamman ga ƴammatan manyan ajujuwa.
- Auren wuri. Binciken ƙasa na shekarar 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kuma adadin jihar Maraɗi ya fi haka. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka domin kāre yarinyar da take karatu da tallafa mata.
- Rashin tsaro. Daga shekarar 2019 dubban mutane sun tsallako daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa gundumar Gidan Rumji, aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ƴaƴansu ma suna da hakkin zama a aji.

Littafin kiran suna

Kowane malami yana da littafin da yake kiran suna, yana sa alama a gaban wanda bai zo ba. Wannan littafi shi ne makami na farko, kuma ba ya cin ko sisi. Amfaninsa yana fitowa ne idan wani ya duba shi, ya yi tambaya uku: wa ke fashi, wace rana, saboda me?

A nan ne karatun manya yake da rana. Wanda ya iya karanta sunaye, ya iya ƙidaya, ya isa ya zauna da malami a ƙarshen mako su fitar da sunayen yaran da suka yi fashi. Idan alamomin sun taru a rana ɗaya ta mako, a duba ko ranar kasuwa ce. Idan yaran unguwa ɗaya ne, a duba nisa ko hanya. Idan yaro ɗaya ne kwana uku a jere, a je gidansu kafin mako ya juyo. A je da sallama da tambayar lafiya, ban da faɗa, domin mai yiwuwa yaron yana kwance ne.

Aikin kwamitin makaranta

An fara gwada kwamitocin kula da makarantu, da aka sani da COGES, a shekarar 2002, aka yaɗa su zuwa dukan makarantun firamare na gwamnati a 2005. A 2012 aka sauya musu suna zuwa CGDES. A cikin kwamitin akwai wakilan uwayen yara, da na ƙungiyar uwaye mata ta AME, da shugaban makaranta. Aikin da aka soma a jihar Tawa a 2004 tare da hukumar JICA ta ƙasar Japan ya nuna cewa kwamiti ya fi aiki idan an zaɓi wakilan uwaye da ƙuri'ar asiri, an kuma tsara aikin shekara a gaban taron gari. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da kwamiti zai iya yi:

1. Ya kira taron gari a watan Satumba, tare da maigari da liman, a sanar da ranar buɗe makaranta.
2. Ya tanadi kara da zana tun daga kakar bana domin ajin baɗi, a ajiye su inda ruwa da gara ba za su ci ba. A nisanta ajin zana daga wuta, a bar masa ƙofa mai faɗi. Gobarar da ta tashi a ajujuwan zana a birnin Maraɗi ranar 8 ga Nuwamba 2021 ta kashe yara fiye da 20. Inda hali ya yi, a nemi ƙaramar hukuma ta taimaka a gina aji mai ƙwari.
3. Ya daidaita da malaman makarantar allo, yaro ya yi karatun allo da asuba da dare, ya je aji da hantsi.
4. Ya shawarta da uwaye mata a mayar da talla bayan an tashi daga makaranta.
5. Ya samar wa malami masauki. Idan fashinsa ya yawaita, a yi magana da shugaban makaranta, in bai gyaru ba a kai ga sufeton makarantu.
6. Ya tara damin gero da kaka domin a dama wa yara kunu da bazara. A wasu makarantu Hukumar Abinci ta Duniya, wato PAM, tana tallafa wa ciyar da ɗalibai, amma tallafin bai kai ko'ina ba.
7. Ya tabbata yara suna nan ranar da ma'aikatan lafiya suka zo raba maganin tsutsar ciki. A yankin Busia na ƙasar Kenya, wani bincike da aka fara a 1998 ya gano cewa wannan magani ya rage fashin makaranta da kashi ɗaya cikin huɗu.

Abin da uwaye za su yi a gida

- A ba yaro ko da kunu ne kafin ya fita.
- A kwantar da shi cikin gidan sauro, a kai shi likita da wuri idan jikinsa ya yi zafi.
- A raba aikin gida tsakanin maza da mata, kada ɗebo ruwa da raino su tsaya kan yarinya ita kaɗai.
- Idan fashi ya zama dole, a aika wa malami, a kuma faɗi ranar dawowa.
- Da dare a ce yaro ya nuna abin da ya rubuta yau, a duba kwanan watan da ke saman shafi.

Yaron da ya riga ya bari

Wanda ya yi makonni bai zo ba, kwamiti ya raka shi ga shugaban makaranta, a haɗa shi da wani ɗalibi da zai taya shi bitar abin da ya wuce. Ga waɗanda suka daɗe da bari, ko shekarun shiga CI suka wuce su, a wasu garuruwa ana buɗe ajin gaggawa da ake kira passerelle. Ana karatun wata tara, a fara da harshen gida, sannan a koma Faransanci, daga nan yaro ya shiga makarantar gwamnati. A tambayi ofishin sufeto ko akwai irinsa kusa.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

- A wane wata ne yaran garinku suka fi fashi, kuma saboda me?
- Su wane ne ƴan kwamitin makarantarku, kuma yaushe suka yi taro na ƙarshe?
- Wa zai iya zuwa ya duba littafin kiran suna tare da malami a wannan mako?