Lokacin da Teku ya Ratsa Ƙasarmu

Duk ɗan Garaku ya san gishirin Keana da na Awe. Ba kasafai muke tambayar abin da ya kawo ruwan gishiri nan ba, alhali teku na can Legas. Masana duwatsu sun ce kimanin shekara miliyan 90 da suka wuce, ruwan teku ya malalo ta kwarin Binuwai ya rufe kudancin jiharmu ta Nasarawa, kuma da shi suke danganta gishirin. Duwatsun wajen Keffi sun girmi wannan zamani nesa ba kusa ba, shi ya sa ba a tsintar ragowar halittun ruwa a cikinsu.

Shaidar da ta fi ƙarfi tana ƙasar Sakkwato, inda wani hannun teku ya gangaro ta Sahara daga baya. A 1930 wani Baturen Birtaniya, William Swinton, ya yi nazarin wasu ƙasusuwa da aka tono a can, waɗanda tsabar daɗewa ta mayar da su dutse. Ya gano na wata ƙatuwar dabbar ruwa ce, dangin guza da damo, mai filafilai a madadin ƙafafu. Wajen 1970 ayarin masana daga Jami'ar Florence ta Italiya, ƙarƙashin Augusto Azzaroli, suka yi tono a yankin Goronyo, suka samu ƙoƙon kanta: dogon baki siriri kamar na kada. A 1972 aka raɗa mata suna Goronyosaurus nigeriensis, wato ƙadangaren Goronyo. Jinsinta ya ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce. Garin da yau ake saninsa da madatsar ruwa da albasa, ashe sunansa na cikin littattafan kimiyya na duniya.

Sai dai ƙoƙon kan yana Florence. Ɗalibin Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, in yana son ya gan shi da idonsa, sai ya nemi biza.

Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu dabara a nan. Ƙwarangwal ɗin Ouranosaurus da Bafaranshe Philippe Taquet ya tono a Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere, an kai shi gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, inda 'yan makaranta ke zuwa su tsaya a gabansa.