Bikin Notting Hill: Faretin da rikicin wariyar launin fata ya haifa a Landan

Bikin Notting Hill fareti ne da ake yi kowace shekara a yammacin birnin Landan, a ranar Litinin ta ƙarshen watan Agusta da Lahadin da ta gabace ta. Sama da mutum miliyan ɗaya ne ke cika titunan unguwar a kwanakin biyu, abin da ya sa ake ɗaukarsa bikin kan titi mafi girma a nahiyar Turai. Jikokin 'yan Afirka da suka fito daga tsibiran Karibiyan ne suka raya shi, kuma har yau su ne ƙashin bayansa.

Tushen bikin yana tsibirin Trinidad. A ƙarshen ƙarni na 18, Faransawa masu gonaki suka kai wa tsibirin al'adar shagalin rufe fuska da ake yi gab da azumin Kirista, shagalin da bayi ba su da damar shiga. Da aka kammala 'yanta bayi a 1838, sai suka fito titi da nasu shagalin, da ganguna da waƙoƙi da wasan sanda. Ana kiran wannan fitowa Canboulay, daga kalmomin Faransanci masu nufin ƙonannen rake, domin tunawa da daren da ake tasa ƙeyar bayi zuwa gonakin rake idan gobara ta tashi.

Gwamnatin mulkin mallaka ta Birtaniya ba ta ji daɗin lamarin ba. An yi arangama da 'yan sanda a 1881, sannan a 1884 aka kafa dokar da ta taƙaita kiɗan ganga. Makaɗa suka koma buga gora, daga baya gwangwanaye, har suka gano cewa idan aka lotsa gindin durom ɗin mai aka daidaita shi, yana fitar da amo iri-iri. Haka aka samu gangar ƙarfe ta Trinidad a shekarun 1930 zuwa 1940. Wato dokar da aka yi don rufe bakin ganga ita ce ta buɗe hanyar ƙirƙiro sabon abin kiɗa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dubban 'yan Karibiyan sun yi ƙaura zuwa Birtaniya neman aiki, kuma saukar jirgin ruwan Empire Windrush a watan Yunin 1948 ta zama alamar wannan ƙaura. Da yawa sun zauna a Notting Hill, wadda a lokacin unguwar talakawa ce mai lalatattun gidajen haya. A ƙarshen Agustan 1958, gungun matasa fararen fata suka shafe kwanaki suna kai wa baƙaƙe hari a tituna da gidajensu. A watan Mayun 1959 kuma aka daɓa wa Kelso Cochrane, wani kafinta ɗan Antigua, wuƙa har lahira, kuma ba a taɓa hukunta kowa a kan kisan ba.

Tsakanin waɗannan abubuwa biyu ne Claudia Jones, 'yar jarida haifaffiyar Trinidad da Amurka ta kora a 1955 saboda aƙidarta ta kwaminisanci, ta shirya bikin Karibiyan a zauren St Pancras ranar 30 ga Janairun 1959, kuma BBC ta nuna shi a talabijin. A cikin ɗaki aka yi shi, cikin tsananin hunturu. Ta rasu a 1964 ba ta ga bikin a kan titi ba. A 1966, wata mai hidimar al'umma, Rhaune Laslett, ta shirya shagalin unguwa a Notting Hill don haɗa kan mazauna, inda Russell Henderson da makaɗansa na gangar ƙarfe suka zaga tituna jama'a na biye. Ana yawan saɓani a kan wacce ta fi cancantar a kira ta uwar bikin, amma gaskiyar ita ce ɗaya ta kawo manufa, ɗayar ta kawo titi.

A yau ana soma shagali da gasar makaɗan gangar ƙarfe ranar Asabar. Lahadi ranar yara ce da iyalai, Litinin kuma ta babban fareti, inda ƙungiyoyi ke fitowa da tufafin da suka shafe watanni suna ɗinkawa. Daga cikin masu fitowa akwai Moko Jumbie, masu tafiya a kan dogayen sanduna, waɗanda masana ke danganta asalinsu da Afirka ta Yamma. Tun 1973 aka shigo da manyan lasifikoki irin na Jamaika, kuma yanzu kiɗan Afrobeats na Najeriya da Ghana ya samu gurbi a cikinsu.

Dangantakar bikin da hukuma ba ta rasa tsami. An gwabza tsakanin matasa da 'yan sanda a 1976, kuma har yanzu kowace shekara akan yi muhawara a kan cunkoso da sare-sare da kuɗin tsaro, wasu na neman a mayar da shi wani fili mai shinge. Masu shiryawa sun ƙi, domin a ganinsu titunan da aka taɓa farautar iyayensu a kai su ne ma'anar bikin. Unguwar kanta ta koma ta masu hannu da shuni, yawancin tsofaffin mazaunanta sun tashi saboda tsadar gidaje. A watan Yunin 2017, gobarar benen Grenfell da ke kusa da hanyar faretin ta hallaka mutum 72, kuma a shekarun da suka biyo baya akan tsayar da kiɗa cak, a yi shiru na daƙiƙa 72 don tunawa da su.