Jirgin Dayspring da Hanyar Fatar Ƙasar Hausa

A shekarar 1857 jirgin ruwa mai tururi, Dayspring, wanda ɗan kasuwa Macgregor Laird ya turo ƙarƙashin jagorancin Dokta William Baikie, ya daki dutse kusa da Jebba a kogin Kwara ya farfashe. Akan ambaci irin waɗannan jirage a matsayin mabuɗin cinikin fatarmu da Turai, amma wannan magana ba ta zauna ba. Tun 1851 matafiyi Heinrich Barth ya tarar da Kano tana fitar da jemammiyar fata da takalma zuwa Arewacin Afirka. A wancan zamani majema suna jiƙa fatar jar akuyar Sakkwato a ruwan bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, raƙuma su ratsa Sahara da ita har Tarabulus, Turawa su saye ta da sunan fatar Maroko.

Wani zai ce ai daga baya ta teku fatar ta riƙa fita. Haka ne, sai dai fiye da shekara hamsin bayan hatsarin Jebba ayarin raƙuma bai daina tafiya ba. Abin da ya karkatar da fatar kudu shi ne layin dogo da ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. Daga nan kirgi da fata suka koma tashar Ikko, galibi ɗanyu, ba a jeme ba, majema suka yi asarar aikin da ya fi riba.