Daga Goyon Ciki Zuwa Takardar Hutu

Tun kafin ofis ya zo ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum, mai juna biyu tana da hutunta, kuma ba ta taɓa rubuta takarda ta roƙe shi ba. In cikin fari ne, da ya shiga wata bakwai iyayenta kan aiko a ɗauke ta, ta koma gida goyon ciki. Can za ta sauka a hannun ungozoma, a yi suna ran bakwai, ta ci gaba da wankan jego safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganyen runhu, tana shan kunun kanwa, har ta yi arba'in. Daka da niƙa da girki duk an ɗauke mata. In aka haɗa wata biyun kafin haihuwa da kwana 40 na baya, ya zarce makonni 12 da dokar ƙwadago ta Najeriya ke bayarwa har yau. Tsarin yana da illarsa: likitoci a Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa zafin wankan da yawan kanwa na da hannu a ciwon zuciyar masu jego. Amma ta fuskar hutu, kakanninmu ba su yi rowa ba.

Abin da tsarin bai sani ba shi ne sanarwa. Ba a faɗin ciki, ciki ke faɗin kansa. Tsofaffi kan gane daga laulayi da kwaɗayi da yawan barci, su yi murmushi su yi shiru. Kunya na ciki, musamman ta ɗan fari, tsoron baki na ciki, ga kuma fargabar a faɗa sannan a yi ɓari. Iyakar abin da za ka ji shi ne "wance ta yi nauyi".

Aikin albashi ya iso matan wannan yanki a makare. An buɗe makarantun 'yan mata a Kano da Katsina a 1930, Sakkwato ta samu cibiyar horar da mata a 1939, amma waɗanda suka fito daga can ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1976, da shirin ilimin firamare kyauta da gyaran ƙananan hukumomi suka zo a shekara ɗaya, aka fara neman malamai mata da ma'aikatan lafiya da yawa. Ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996 ya ƙara guraben. Matan kuwa suka tarar da doka tana jiransu.

Asalin dokar daga birnin Washington yake. A 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniyar da ta ba mace makonni shida kafin haihuwa da shida bayanta. Wannan rabon ne ya shiga sashe na 54 na dokar ƙwadagon Najeriya ta 1974: mace na iya barin aiki in ta kawo shaidar likita cewa haihuwa na tafe cikin makonni shida, ba za a sa ta aiki ba a makonni shida na bayan haihuwa, za a biya ta aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida a wurin, in ta dawo kuma tana da rabin sa'a sau biyu a yini don shayarwa. Ma'aikatan gwamnati suna da ƙa'idojin aikinsu daban, amma su ma takardar likita suke nema. Na tarayya ma sun ce a miƙa ta wata biyu kafin ranar da ake sa rai.

Nan ne al'ada da ofis suka yi karo. Matar da ba za ta iya furta maganar a gaban uwarta ba, ita ake so ta tsaya gaban hedimasta, namiji, wataƙila sa'an mahaifinta, ta faɗa masa har da kwanan wata. Mata suka samo dabarunsu. Wata ta tura mijinta, wata ta raɗa wa babbar malama ita ta isar. Wata ta shiga ofis, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗora katin awo a gefen tebur, idonta a ƙasa, ta ce, "Baba, ga takarda an ce in kawo." Shi ma, da yake ɗan gari ne, ba zai buɗe a gabanta ba. "To, Malama, Allah Ya raba lafiya," shi ke nan an gama magana, takarda ta wuce ofishin sakataren ilimi. Dogon hijabi, wanda ya game jihar musamman bayan ƙaddamar da shari'a a 1999, ya taimaki masu ɓoyo ƙwarai. Akwai malamar da sai cikinta ya kai wata takwas abokan aikinta maza ke ankara.

Lissafin da ke hana su barci shi ne na ranar fara hutun. Makonni shida kwana 42 ne. Wadda ta bi rabon doka sak, ta gama wanka yau, jibi tana aji, ko yawon arba'in ba ta yi ba. Alhali tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa a ba jariri nono zalla wata shida, kuma malamar asibitin da ke faɗa wa mata haka a ranar awo ita ma hutunta bai kai ba. Shi ya sa mata ke jan ƙafa, suna zuwa aiki da kumburarrun sawu har watan haihuwa ya kama, don su tara makonnin a baya. Malaman makaranta kan duba ko haihuwar za ta faɗo kusa da dogon hutu. Ban ga laifinsu ba.

Gwamnatoci sun ɗan motsa. Ta tarayya ta kai hutun ma'aikatanta makonni 16 da cikakken albashi, da sassaucin sa'a biyu a yini har wata shida bayan dawowa, sannan a 2021 ta amince wa maza kwana 14. Legas ta ba da wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Ma'aikaciya a Maradi tana da makonni 14. Malamar makarantar kuɗi a Gummi kuwa, sau da yawa hutunta yana hannun mai makaranta, ko da doka na gefenta.

Sai rashin tsaro ya zo ya birkita lissafin. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan haihuwa ɗaya cikin goma ce ake yi a asibiti a Zamfara. Ma'aikaciya tana cikin waɗanda ke son asibiti, musamman in an taɓa yi mata aiki ko tana da hawan jini. Amma wa zai hau hanyar Anka zuwa Daki Takwas da tsakar dare da mai naƙuda? A Satumban 2021 ma layukan waya aka katse a faɗin jihar, ko mai mota ba ka iya kira. Goyon ciki ya dawo da sabuwar kama: ana tafiya gidan ɗan'uwa a Gusau ko Sakkwato, ba don kunya ba, don kusa da ɗakin tiyata. Wannan na cin makonni uku ko huɗu daga hutun da aka so ajiye wa jariri. Kuma a ƙaramin asibitin da ma'aikaciya mace ɗaya ce tal, ranar da ta tafi ranar awo ya tsaya, domin maza da yawa ba sa barin matansu su je wurin namiji. A irin wannan wuri, a ganina, ɓoyon har wata takwas ya daina zama kunyar mutum ɗaya. Gara ta faɗa wa shugabanta da wuri, ko ta bakin wata, a nemo mai riƙe wurin.

Duk wannan zancen tsiraru ne. Yawancin matan yankin aikinsu a tsakar gida yake, ƙuli-ƙuli, surfe, dakau, kiwo, ba takarda ba albashi. Abin da ya faru a 2010 ya nuna tsadar haka. A Dareta, Abare da Bagega na Anka, da Yargalma da Tungar Guru na Bukkuyum, maza na kawo duwatsun zinari gida, mata na dakawa, wasu da ciki wasu da goyo, ba a san duwatsun cike suke da dalma ba. Yara fiye da 400 suka mutu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana jinya a Anka, an kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, Bagega sai a 2013. Dalma kan laɓe a ƙashi shekara da shekaru, ta sake fitowa cikin jini lokacin ciki da shayarwa. 'Yan matan da suka tsira a wancan lokaci yanzu su ne ke zuwa awo.