The Push for Change

The Push for Change wata doguwar tafiyar ƙafa ce ta taimako da Joe Roberts, ɗan ƙasar Kanada, ya yi daga gabashin ƙasar zuwa yammacinta yana tura amalanken sayayya irin na manyan kantuna. Ya fara ta a birnin St. John's na lardin Newfoundland da Labrador ranar 1 ga Mayu, 2016, ya kammala a Vancouver ranar 29 ga Satumba, 2017. Tafiyar ta ɗauki kwana 517, tsawonta kuma kilomita 9,064 ne. Manufarta ita ce wayar da kan jama'a game da matasa marasa matsuguni, da tara kuɗi don hana su faɗawa cikin wannan hali tun daga farko.

Asali

Roberts ya taso ne a lardin Ontario. Ya bar gida yana ɗan shekara 15 saboda rashin zaman lafiya a cikin iyali, daga baya ya faɗa shaye-shayen miyagun ƙwayoyi. A ƙarshen shekarun 1980 yana kwana a titunan unguwar Downtown Eastside ta Vancouver, yana tura amalanke yana tsintar gwangwanaye da kwalabe don ya sayar. Da taimakon mahaifiyarsa da wani ɗan sandan lardin Ontario ya shiga cibiyar gyaran hali, ya koma karatu a kwalejin Loyalist, sannan ya zama shugaban wani kamfani a Vancouver.

Ya zaɓi amalanken ne saboda a biranen Arewacin Amurka ya zama alamar wanda ba shi da gida, domin a ciki yake zuba duk abin da ya mallaka. A shekarar 2012 ya yi tafiyar gwaji daga Calgary zuwa Vancouver, mai tsawon fiye da kilomita 1,000. Akwai irin wannan al'ada a Kanada tun kafin shi: daga St. John's ne Terry Fox ya fara gudunsa na tara kuɗin binciken cutar daji a 1980.

Yadda tafiyar ta gudana

Roberts yakan yi kimanin kilomita 24 a ranar tafiya, wata mota ɗauke da kayan buƙata tana biye da shi. Matarsa, Marie Roberts, ita ce ta jagoranci tsare-tsaren gangamin. Ya ratsa larduna 10 na ƙasar, ya kuma ziyarci yankuna 3 na arewa. Hunturun 2016 zuwa 2017 ya same shi a Ontario, inda ya ci gaba da tafiya cikin dusar ƙanƙara. Rundunar 'yan sandan lardin ta haɗa kai da shi wajen shirya taruka a garuruwan da ya bi. Gaba ɗaya an yi taruka fiye da 400 a makarantu da zaurukan al'umma.

Rashin matsuguni a ƙananan garuruwa

Mafi yawan hanyar ta bi ta ƙauyuka da ƙananan garuruwa ne, inda matsalar ba ta fitowa fili kamar yadda take a manyan birane. A irin waɗannan wurare ba a cika ganin mutum kwance a bakin titi ba. Matashin da ya rasa gida yakan kwana yau a ɗakin aboki, gobe a na ɗan uwa, ko a cikin mota, ko a kango. Masana suna kiran wannan ɓoyayyen rashin matsuguni, kuma ƙidayar hukuma ba ta cika kama shi ba. Da yake gidajen kwanan gaggawa da motocin haya sun yi ƙaranci a karkara, da yawa sukan ƙaura zuwa birni, su rabu da makaranta da danginsu.

Wani rahoto na 2016 ya ƙiyasta cewa mutum 235,000 ne ke fuskantar rashin matsuguni a Kanada kowace shekara. Kimanin kashi 20 cikin ɗari matasa ne 'yan shekara 13 zuwa 24. Daga cikin dalilan akwai rikicin iyali, cin zarafi, talauci, matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, da fita daga hannun hukumar kula da yara ba tare da wurin zuwa ba.

Sakamako

Gangamin ya tara fiye da dalar Kanada 500,000. Wani kaso ya tafi ga ƙungiyoyin garuruwan da aka tara kuɗin, wani kuma ga shirin The Upstream Project ta hannun ƙungiyar Raising the Roof. An kwaikwayi shirin ne daga wani makamancinsa da aka fara a garin Geelong na Ostireliya. Ana ba ɗalibai takardar tambayoyi a makaranta don a gano waɗanda ke cikin haɗarin barin gida ko barin karatu, sannan a haɗa su da iyalansu da ma'aikatan jin daɗin jama'a kafin lamarin ya ɓaci. Bayan kammala tafiyar, Roberts ya ci gaba da gabatar da jawabai a makarantu da taruka a kan wannan batu.