Daga Adaka Zuwa Kabad a Zangon Kumasi

Ku da kuke kai shanu Kumasi, ko kuke sauke albasa da wake a kasuwanninta, da wuya a ce ba ku taɓa kwana gidan mai masauki a Aboabo ko Sabon Zango ba. In gaisuwa ta kai ku ƙofar ɗakin uwargida, abin da ido zai fara sauka a kai shi ne kabad: dogo, ya tokare bango, ƙasansa durowa da ƙofofi, samansa gilashi, ciki an jera tangaran da samira. To, wannan kabad ɗin baƙo ne a Zango. Kakanninmu da suka fara sauka garin ba su san shi ba, kuma ko an ba su kyauta ba za su karɓa ba, don ba ya hawa jaki.

Ai sunan unguwar ma ya faɗa. Zango wurin da ayari ke yada kaya ne, a kwana, a tashi. Fataken Gwanja da suke tasowa daga Kano da Katsina neman goro, Salaga ce iyakar yawancinsu, don sarakunan Tonawa ba sa barin baƙon ɗan kasuwa ya shiga kurmi yadda ya so. Sai da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874, yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, aka kama Sarki Prempeh a 1896, sannan hanya ta buɗe, Hausawa da Mosawa da Wangarawa suka yi ta kwararowa kudu.

Me mace take da shi a lokacin? Ƙwarya, tukunya, faifai, tasa in mijin mai hali ne, sai ragaya da ake ratayewa. Duk abin da za a ɗaure cikin dare a ɗora wa dabba da asuba. Makiyaya kun fi kowa gane wannan, don har gobe matan Wodaabe suna jera ƙorensu a kan saga in an sauka, in za a tashi a kwance a ɗaure. Aikin itace kuwa na masassaƙi ne: gizago da gungume ɗaya, ya fitar da turmi, akushi, kujerar mata, allo. Ba ya haɗa katako da katako, don babu katakon.

Jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso Kumasi a 1903. Shi ya kawo ƙusa da kwano da gilashi a farashin da talaka zai iya taɓawa, shi kuma yake kwasar gungume zuwa teku, har injinan tsaga katako suka zauna a garin. Abin da ya fara shiga ɗakin mutanen Zango shi ne adaka, wato babban akwatin katako mai kwaɗo. Ku lura, haka Tonawa suke kiran akwati a harshensu. Adaka tana da nauyi, amma mutum biyu za su ɗaga ta. Mai adaka ya zauna, sai dai bai cire ran komawa gida ba.

A 1924 annoba ta faɗa wa Kumasi, hukumar Turawa ta rushe wani sashe na tsohon zango, aka yanka sabon wuri. Zamanin Sarkin Zango Malam Sallau ke nan, mutumin da asalinsa Katsina ne. Gidaje suka koma masu rufin kwano da ɗakuna a jere kewaye da tsakar gida. Ɗaki mai kusurwa huɗu da daɓe mai kyau, shi ne yake karɓar kabad. A bukka ina za ka jingina shi? Daga baya kwanukan langa na ƙasashen waje suka cika kantuna, iyaye mata suka shiga tara wa 'ya'yansu tun suna ƙanana. Da jeren amarya ya fi ƙarfin daɓe da kanta, sai aka nemi kafinta.

A nan sai mun faɗi gaskiya: sana'ar ba tamu ba ce tun asali. Unguwar kafintoci da ta yi suna a Kumasi ita ce Anloga, wadda 'yan ƙabilar Ewe daga bakin teku suka raɗa wa sunan garinsu. Yaran Zango da dama a irin waɗannan rumfuna suka koyi riƙon zarto, suka dawo suka kafa tebur a ƙofar gida ko bayan ɗaki. Da aikin titi ya biyo ta Anloga, an kwashe masu katako zuwa Sokoban, kudu da gari. Can ake yanko katako yanzu, amma harhaɗawar sau da yawa a unguwa ake yi, inda uwar amarya za ta leƙo safe da yamma tana cewa, "Malam, a ƙara masa tsawo, na maƙwabciyata ya fi wannan."

Kafinta mai hankali ƙofar ɗaki yake fara aunawa kafin bango. Shi ya sa ake yin kabad gida biyu, na ƙasa da na sama, a shigar da su ɗaiɗai, a ɗora. Sai zaɓen itace. Odum, wanda muke kira loko, yana da nauyi, gara ba ta cika damunsa ba, kuma kuɗinsa ba wasa. Wawa fari ne, marar nauyi, mai sauƙin aiki da araha, amma ƙwari na sonsa. Da yawa sukan yi ƙashin kabad da itace mai ƙarfi, su rufe baya da filawud. Wannan ba laifi ba ne in an gaya maka. Laifin shi ne a shafe wawa da fenti ja a sayar maka da sunan mahogani. Jawo durowa ka duba cikinta, inda fenti bai kai ba, ka danna farce.

Ga abin da ya fi shafar ku masu lodi zuwa arewa. Kumasi ƙasar raɓa ce. Katakon da aka tsaga jiya aka buga yau cike yake da ruwa. Ka ɗora shi a mota, ka bi Techiman da Tamale, ka ƙetare Paga ko Kulungugu, hunturu ya same shi a Wagadugu ko Yamai, sai ya tsotse. Katako kuwa ta faɗinsa yake tsukewa, ba ta tsawo ba. In da ƙusa kawai aka danne allon ƙofa, ba shi da wurin motsi, sai ya tsage. In an fafe masa gurbi a cikin firam aka zura shi, zai ja da baya kaɗan ya zauna lafiya. Haka ƙafafu: wanda aka huda rami aka soka harshen ɗaya cikin ɗaya da gam ya fi na ƙusa jure girgizar hanya. Tambayi wata nawa katakon ya yi a inuwa. Gilashin kuma a cire, a naɗe shi daban.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Ghana. Zango ya girgiza. Akwai waɗanda a Kumasi aka yanke musu cibiya, ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba, suka hau mota. Langa tana shiga cikin langa, a ɗaure da zane. Adaka ma ta samu wuri. Kabad kuwa, inda mutane ke hawa kan juna, wane direba zai ba shi gurbi? Wasu suka sayar a wulaƙance, wasu suka bar wa maƙwabta amana. A 1983 abin ya juya, Nijeriya ta kori baƙi, 'yan Ghana suka dawo da kayansu cikin jakar nan mai zane-zane da har yau ake kira Ghana Must Go.

Yanzu kabad ɗin garin katako da aka matse, mai sheƙi, ya cika shaguna, amare kuma sun fi son sa. Ruwa ya taɓa gindinsa sau biyu, sai ya kumbura. Na odum ɗin da suka rage a tsofaffin gidajen Zango, an sauya wa wasu gilashi, an sauya kwaɗo, ƙofofinsu dai suna rufuwa.