Na'ura da Nazarin Zamantakewa: Waiwaye a kan Masu Riƙe da Bayanai

1.0 Gabatarwa

Ilimin zamantakewar al'umma ya ginu ne a kan bayanan da manazarci ke tattarowa daga bakin mutane da ayyukansu. Manufar wannan maƙala ita ce ta waiwayi yadda na'ura ta shigo wannan fage, ta kuma nuna cewa a kowane mataki bayanan sun sauya hannu.

2.0 Daga Kati Zuwa Kwamfuta

A ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890 ne aka yi amfani da na'urar Herman Hollerith mai karanta kati mai huji, bayan lissafin ƙidayar 1880 ya ci kusan shekara takwas. A wancan zamani hukuma ce ke da ƙarfin irin wannan aiki. A 1968 Norman Nie da abokan aikinsa suka samar da manhajar SPSS a Jami'ar Stanford. A 1972 kuma aka soma binciken General Social Survey a Chicago, aka bar sakamakonsa ga duk mai bukata. Daga nan koyarwa ta sauya salo, domin ɗalibi na iya gwada hasashensa da amsoshin mutanen da bai taɓa zama da su ba.

3.0 Zamanin Intanet

A 2007 Mike Savage da Roger Burrows suka yi gargaɗi cewa bayanan da kamfanoni ke tarawa sun fi ƙarfin abin da jami'o'i ke samowa ta hanyar hira da tambayoyi. Ba da jimawa ba gargaɗin ya tabbata. A 2014 aka buga sakamakon gwajin da Facebook ya yi a kan mutum 689,003 ba tare da saninsu ba, abin da ya tayar da ƙura kan ɗa'ar bincike. A 2023 Twitter ya rufe ƙofar da manazarta ke ɗibar bayanai kyauta.

Akwai kuma matsalar harshe. Na'urar tantance rubutu ba ta fahimtar harshen da ba a horar da ita a kansa ba. Shi ya sa a 2022 aka fitar da taskar NaijaSenti, mai ɗauke da saƙonnin Twitter cikin Hausa da Ibo da Yarbanci da Pidgin.

4.0 Kammalawa

Bayanai sun taso daga hannun hukuma zuwa jami'a, sannan kaso mai yawa ya koma hannun 'yan kasuwa. Saboda haka ya wajaba a koya wa ɗalibi sarrafa na'ura, ba tare da an sauke masa nauyin shiga cikin jama'a da jin harshensu ba.